Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Kalmomin Turanci da Muke Haɗewa a Cikin "Daidai"

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi ɗalibai da malamai da tafintoci da 'yan jarida baki ɗaya, wato yadda muke tattara kalmomin Turanci da dama, waɗanda kowace take da aikinta, mu fassara su da kalma guda, "daidai", ko kuma "iri ɗaya". Kalmomin da nake nufi su ne "same" da "identical" da "similar" da "alike" da "equal" da "equivalent", sai kuma 'yan uwansu irin su "uniform" da "equitable". Wanda ya buɗe ƙaramin ƙamus zai ga an bayyana kowace da 'yar uwarta, sai ya ɗauka Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ni kuwa, bayan shekarun da na yi ina koyar da Turanci a makarantun sakandare na jihar Bauchi, na gamsu cewa wannan ɗauka tana jawo wa mutanenmu asarar maki a jarrabawa da asarar gurbin aiki, wani lokaci ma har da asarar haƙƙi a gaban alƙali ko cutar da lafiya.

Yawan waɗannan kalmomi yana da dalili a tarihin harshen. Turanci ya gaji "alike" daga tsohon harshen mutanen Ingila, ya aro "same" daga mutanen Sikandinebiya da suka zauna a arewaci da gabashin ƙasar tun ƙarni na 9, sannan bayan Normawa masu magana da Faransanci sun ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci da na Latin suka yi ta kwarara cikinsa ta hanyar fada da kotu da coci da makaranta. Ta wannan ƙofa ce "equal" da "equivalent" da "similar" da "identical" suka shigo, kowace a lokacinta. Da kalmomi suka taru a kan ma'ana guda, sai masu harshen suka raba musu aiki, kamar yadda Hausa ta yi da abin da ta aro daga Larabci, inda "adalci" da "ƙima" da "misali" suka zauna gefe da gefe da "daidai" da "kama" da "tamka" ba tare da ɗaya ta kori ɗaya ba. Saboda haka duk wanda ya ci karo da ɗaya daga cikin waɗannan kalmomin Turanci, tambayar da ta kamata ya yi wa kansa ita ce ta wace fuska abubuwan biyu suka haɗu: shin abu guda ne aka ambata sau biyu, ko abubuwa biyu ne da ba a iya rarrabewa, ko kama kawai suka yi, ko yawansu ne ya zo ɗaya, ko kuwa ɗaya yana tsayawa ne a madadin ɗayan?

Zan fara da "same", domin ita ce aka fi amfani da ita kuma ita ce ta fi ruɗarwa. A Turanci tana da fuska biyu. Idan aka ce "they have the same father", uba guda ake nufi, mutum ɗaya tak. Idan kuwa aka ce "they bought the same phone", galibi wayoyi biyu ne masu samfuri guda, kowa da tasa a aljihu. Bature yana dogara da yanayin magana ya gane wacce ake nufi, amma Bahaushe bai bar wannan ga hasashe ba, domin yana cewa "uba ɗaya" a ta farko, ya ce "waya iri ɗaya" a ta biyu. A nan Hausa ta fi Turanci fayyacewa, kuma abin takaici ne a ce mai fassara ya watsar da wannan fifiko ya koma ga "daidai", wadda ba ta faɗi ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Inda wannan ya fi nauyi shi ne kotu. Sashe na 36, ƙaramin sashe na 6, na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin samun tafinta kyauta idan bai fahimci harshen da ake shari'ar da shi ba, kuma a Babbar Kotu da Turanci ake rubuta abin da shaida ya faɗa. A ɗauka an sace wa wani babur, aka kama wani da babur mai launi da samfuri irin nasa. Mai gabatar da ƙara zai tambayi mai babur ko wannan shi ne "the same motorcycle" da aka sace masa, lauyan wanda ake tuhuma kuma zai nemi ya nuna cewa "a similar motorcycle" ne kawai, domin kamfani yana ƙera dubbai masu kama ɗaya, ba abin da ya raba su sai lambar inji da lambar da aka buga a jikin ƙarfensu. Idan tafinta ya mayar da tambayoyin biyu zuwa "daidai yake da naka?", shaida zai amsa da "daidai yake" a duka biyun cikin gaskiya da amana, alhali a littafin kotu za a rubuta cewa ya tabbatar babur ɗinsa ne. Tambayar farko a Hausa ita ce "shi ne naka?", ta biyu kuma "irin naka ne?", kuma tsakanin waɗannan jimloli biyu gajeru akwai 'yancin ɗan Adam. Kakanninmu da suka ce kama da wane ba wane ba ne sun riga lauyoyi gano wannan ƙa'ida.

"Identical" tana nufin abubuwa sun dace da juna a kowane ɓangare da aka duba, har ba a iya nuna bambanci. Da ita ake kiran tagwayen da suka fito daga ƙwai guda, waɗanda ko dangi kan kasa gane Hassan daga Husaini, saɓanin tagwayen da suka fito daga ƙwai biyu, waɗanda kamarsu ba ta wuce ta wa da ƙani ba. Duk da haka, tagwayen farko ma mutum biyu ne, kuma zanen yatsunsu ya bambanta, domin zanen yatsa yana samuwa ne a cikin mahaifa ta hanyar da ba ƙwayoyin gado kaɗai ke juya ta ba. Shi ya sa kowannensu yake samun lambar zama ɗan ƙasa tasa. "Similar" kuwa ta fi sassauci nesa ba kusa ba: akwai kama, akwai kuma bambanci, kuma mai faɗin kalmar yana sane da bambancin. Duk wanda ya ce maka kaya "similar" ne da wanda ka nema, ya riga ya gaya maka cewa ba shi ba ne.

Dokokin kasuwanci na ƙasar nan sun kula da wannan rabuwa sosai. Dokar Kamfanoni ta 2020, a sashe na 852, ta hana Hukumar Rajistar Kamfanoni yi wa wani rajista da sunan da yake "identical" da na kamfanin da ya riga ya yi rajista, sannan ta ƙara da hana sunan da ya yi kama da shi har ya iya yaudarar jama'a. Da kalma guda ta wadatar, da masu tsara dokar ba su kawo sharaɗi na biyu ba. Tun a 1961 kotu ta hana wani kantin magani a Anaca amfani da sunan Nigeria Chemists saboda akwai wanda ya riga shi da sunan Niger Chemists, ko da yake sunayen ba ɗaya ba ne harafi da harafi. Matasanmu da ke buɗe ƙananan sana'o'i a Bauchi da Azare da Misau, suna neman rajistar suna ta intanet, sukan yi mamaki idan aka ƙi sunan da suka zaɓa bayan sun canza harafi ɗaya ko biyu, kuma da sun san cewa dokar ta kama mai kama kamar yadda ta kama mai kwafi, da ba su ɓata kuɗi da lokaci ba.

A ajin lissafi kuwa, "similar" tana sauya hali ta zama kalma mai tsauri, kuma a nan ne ɗalibai da yawa ke faɗuwa. Alwatika biyu suna zama "similar" idan kusurwoyinsu sun zo ɗaya kuma gefunansu suna bin ninki guda, kamar mai gefuna 3 da 4 da 5 da kuma mai gefuna 6 da 8 da 10. Siffarsu ɗaya ce amma girmansu ba ɗaya ba, har ma filin da babbar ta mamaye ya ninka na ƙaramar sau huɗu, wato 24 a kan 6. Idan siffa da girma duka suka zo ɗaya, har a iya ɗora ɗaya a kan ɗaya su rufe juna, kalmar ita ce "congruent". Haka nan a darasin rukunai da ake yi a ajin farko na babbar sakandare, rukuni biyu suna zama "equal" idan abubuwan da ke cikinsu su ne dai su, suna kuma zama "equivalent" idan adadin abubuwan ne kawai ya zo ɗaya, ko da wannan haruffa uku ne wancan kuma lambobi uku. Malamin da ya yi wa yara bayani da Hausa, abin da nake goyon baya ƙwarai, amma ya ce da su duka "daidai suke", ya rufe musu ƙofar da yake neman buɗewa.

Wannan ya kawo ni ga bambancin da na fi so masu karatu su riƙe, wato tsakanin "equal" da "equivalent". Ta farko magana ce ta awo: yawa ko nauyi ko tsawo ko adadi ko matsayi ya zo ɗaya, kuma ana iya tabbatarwa da mudu ko sikeli ko ƙirga. Ta biyu, wadda asalinta a Latin ya haɗa "daidai" da "daraja", magana ce ta ƙima ko aiki: abubuwa biyu sun bambanta a zatinsu, amma ana karɓar ɗaya a madadin ɗayan. Mutanen da suka yi karatun zaure a ƙasar nan ba baƙi ba ne ga wannan bambanci, domin a kansa aka gina wani babi na hukuncin riba. Ya tabbata a hadisi ingantacce cewa Bilal, Allah ya ƙara masa yarda, ya kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dabino mai kyau, da aka tambaye shi inda ya samo, sai ya ce ya ba da sa'i biyu na dabino maras kyau ne ya karɓi sa'i ɗaya na mai kyau. Manzon Allah ya bayyana masa cewa wannan riba ce tsantsa, ya umarce shi da ya sayar da nasa tukuna, sannan ya sayi mai kyan da kuɗin. Ta fuskar ƙima, sa'i biyun nan suna iya tsayawa a madadin sa'i ɗayan, amma ta fuskar awo ba su zo ɗaya ba, kuma a musayar dabino da dabino awo shari'a ta nema. Haka kuma malaman fiƙihu suka raba dukiyar da ake biya da mislinta idan an lalata ta, kamar hatsin da ake aunawa, da wadda ake biya da ƙimarta, kamar dabba. Al'ummar da ta gaji irin wannan tantancewa ba ta da uzurin haɗe kalmomin nan biyu idan ta zo ga Turanci.

Abin da ya biyo bayan wannan bambanci, wanda ba a cika faɗa wa ɗalibai ba, shi ne cewa "equal" awo ke tabbatar da ita, amma "equivalent" sai wani mai iko ya yanke ta. Kundin Tsarin Mulki ya shardanta wa mai neman kujerar majalisar tarayya ko ta jiha ko gwamna ko shugaban ƙasa, a sassa na 65 da 106 da 177 da 131, ya kasance ya yi karatu aƙalla zuwa matakin "School Certificate or its equivalent". Kundin bai bar ma'anar ga ra'ayin kowa ba, domin sashe na 318 ya zayyana abin da za a karɓa: takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu, ko takardar koyon sana'a ta City and Guilds, ko karatu har zuwa matakin kammala sakandare, ko ma takardar kammala firamare idan aka haɗa ta da aikin shekara goma da kwasa-kwasan da suka kai shekara ɗaya da iya karatu da rubutu da magana da Turanci, gwargwadon yadda hukumar zaɓe ta gamsu. Ba mai hankalin da zai ce takardar firamare da ta sakandare abu ɗaya ne, ko darajar karatunsu ta zo ɗaya, amma doka ta ce a wannan gurbi, da waɗannan sharuɗɗa, ɗaya tana tsayawa a madadin ɗaya. Batun takardar karatu yana cikin manyan abubuwan da aka yi jayayya a kansu a shari'ar zaɓen shugaban ƙasa ta 2019, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 30 ga Oktoba na shekarar, kuma yawancin gardamar da aka sha a majalisun unguwa a lokacin ta taso ne daga jin cewa doka ta ce "ko daidai da ita", alhali abin da ta ce shi ne "ko abin da aka amince ya tsaya a madadinta".

Irin wannan ce take faruwa ga 'ya'yanmu a wajen neman makaranta da aiki. Sanarwa takan ce ana buƙatar sakamakon WAEC ko NECO "or equivalent", sai yaron da ya rubuta jarrabawar NABTEB ta fasaha da sana'a, ko ta NBAIS ta makarantun Larabci da addinin Musulunci, ya ja da baya yana zaton ba da shi ake ba, saboda takardarsa ba irin waccan ba ce. Wani kuma yakan yi kuskure ta ɗaya gefen, ya ɗauka tunda an amince da takardarsa a wuri guda to ta wadatar a ko'ina, bai duba ko darussan da sashen ya nema suna cikinta ba. Haka matsalar babbar difloma da digiri take. Wanda ya gama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi da babbar difloma da wanda ya gama Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da digiri duk suna zuwa hidimar ƙasa, amma tsarin karatunsu ya bambanta, kuma jami'o'i da yawa suna neman mai babbar difloma ya yi diflomar gaba da digiri kafin ya shiga digiri na biyu. Ƙudirin da Majalisar Dattawa ta amince da shi a 2021 na kawar da wariya tsakanin takardun biyu bai yi da'awar cewa karatun iri ɗaya ne ba. Abin da ya nema shi ne a ɗauke su a matsayi guda wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma. Shawarata ga duk matashin da ya ga wannan kalma a sanarwa ita ce ya tambayi wace hukuma ce ta yanke, kuma a wane gurbi, kafin ya cire rai ko ya saki jiki.

A kantin magani kuwa, kalmar "duk ɗaya ne" tana iya zama gaskiya mai ceton kuɗi, tana kuma iya zama haɗari. Panadol sunan kasuwa ne, sinadarin da ke aiki a cikinsa shi ne farasitamol, kuma ƙwayar farasitamol mai miligiram 500 da wani kamfani ya yi da rajistar NAFDAC tana yin aikin da waccan take yi, ko da launi da siffa da farashi sun bambanta. Sinadarin "the same" ne, ƙwayoyin biyu kuma "equivalent" ne. Wanda bai san haka ba yana iya shan wannan ya ƙara da waccan, ya kuma ɗora da maganin mura wanda shi ma yake ɗauke da farasitamol, har ya wuce giram 4 a yini, wanda shi ne iyakar da aka gindaya wa babban mutum, kuma wuce ta yana lalata hanta. A ɗaya gefen, ibuprofen da diclofenac "similar" ne kawai: dangi ɗaya ne na magungunan ciwo da kumburi, amma sinadarai biyu ne masu ma'auni daban, ba a musanya miligiram ɗin wannan da na wancan, kuma haɗa su yana ƙara haɗarin gyambon ciki da lahani ga ƙoda. Ina roƙon masu kantunan magani da ma'aikatan lafiya da su daina wadatuwa da "duk ɗaya ne", su faɗa wa mai saye ko sinadarin ne guda ko kuwa aikin ne ya yi kama.

Sai "equal" da "equitable", waɗanda ke yawo a bakin 'yan siyasa. Misalinsu yana nan a gidanmu. Tun da aka cire Gombe daga Bauchi a ranar 1 ga Oktoba 1996, kowace jiha tana da sanatoci uku kamar sauran jihohi, domin sashe na 48 ya daidaita jihohi a Majalisar Dattawa ba tare da duba girma ko yawan jama'a ba. A Majalisar Wakilai kuwa Bauchi, mai ƙananan hukumomi 20, tana da kujeru 12, Gombe mai ƙananan hukumomi 11 tana da 6, saboda sashe na 49 ya nemi mazaɓu su kasance masu kusan yawan jama'a ɗaya. Wato majalisa ɗaya ta daidaita jihohi, ɗayar kuma ta nemi daidaita mutane, kuma wannan yana nuna cewa ko kalmar "equal" kanta ba ta cika sai an faɗi abin da aka daidaita. "Equitable" kuwa, da sunanta "equity", tana nufin a ba kowa gwargwadon haƙƙinsa ko buƙatarsa ko da kason bai zo ɗaya ba, abin da Hausa ta daɗe tana kira adalci. Lokacin da ƙudirin Sanata Biodun Olujimi kan damar maza da mata ya faɗi a Majalisar Dattawa a watan Maris na 2016, sannan aka sake jingine shi a watan Disamba na 2021, wani babban ɓangare na muhawarar ta biyu a kan waɗannan kalmomi aka yi shi, inda wasu sanatoci daga Arewa suka ce ba su yarda da "equality" ba amma suna maraba da "equity". Kowane ra'ayi mutum yake da shi a kan ƙudirin, mai sauraron labarai da Hausa yana da haƙƙin ya san abin da wakilansa suka ƙi da abin da suka karɓa, kuma ba zai sani ba idan aka fassara kalmomin biyu da "daidaito".

"Uniform" ba ta da wahala, domin 'yan jarida sun riga sun samo mata "bai ɗaya", wato tsari guda da ya game kowa ba tare da sauyi daga wuri zuwa wuri ba. Ta fuskar nahawu kuma, ɗalibai su kula cewa kowace kalma tana da abokiyar tafiyarta: ana cewa "the same as", amma "similar to" da "equal to" da "equivalent to", kuma "alike" ba ta zuwa gaban suna, sai dai a ce "the two houses are alike". Akwai kuma wata al'ada ta wasiƙun ofis, inda ake rubuta cewa an karɓi takarda "and forwarded same", wato an tura ita takardar kanta. Magatakardan da ya tura kwafi a inda aka rubuta haka bai cika umarni ba.

Masu shirya jarrabawa sun san duk wannan. A takardar Turanci ta WAEC da ta JAMB ba a cewa ɗalibi ya zaɓi kalmar da take da ma'ana ɗaya da wadda aka ja wa layi, sai dai a ce ya zaɓi "nearest in meaning", wato wadda ta fi kusa, kuma sau da yawa zaɓi biyu ko uku duk suna da kusanci, jimlar ce kaɗai ke nuna wanda ya dace. Hanyar da ake bi a makarantu da yawa, ta sa yara su haddace kalmomi bibbiyu a matsayin masu ma'ana ɗaya, ita ce take kai su ga faɗuwa a wannan sashe, domin tana koya musu akasin abin da ake gwadawa. Abin da na ga yana aiki shi ne a ba yaro jimla guda a sa shi ya musanya kalmomin ɗaya bayan ɗaya, sannan ya faɗi da Hausa abin da ya canza. Yaron da ya iya bambanta tsara da takwara, ya san cewa sa'ansa a shekaru ba lallai ne ya zama tamkarsa a karatu ba, yana da duk basirar da ake buƙata, sai dai ba a taɓa nuna masa cewa Turanci ma haka yake rarrabewa ba.

Saboda haka nake kira ga wannan jarida da gidajen rediyonmu na Bauchi da Gombe da su tsayar da ƙa'ida a ɗakunan labaransu: a ce "shi ne" ko "ɗaya" inda abu guda ake nufi, a ce "iri ɗaya sak" inda aka ce "identical", a yi amfani da "makamanci" ko "mai kama da" a gurbin "similar", a keɓe "daidai" ga awo da adadi, a ce "madadi" ko "kwatankwaci" a gurbin "equivalent", a kuma bar wa "adalci" gurbinta. Ina kuma roƙon sassan Turanci da Hausa na Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare da ta Kangere, da Kwalejin A.D. Rufa'i da ke Misau wadda ke horar da masu aikin shari'a, da su haɗa kai su fitar da ɗan littafin jagora a kan waɗannan kalmomi da misalai daga kotu da asibiti da aji, a raba wa malamai da tafintoci. Idan kuma jaridarka za ta ware ɗan gurbi a kowane mako domin masu karatu su aiko da jimlolin da suka ruɗe su a takardun aiki ko na makaranta, a shirye nake in ba da gudummawa wajen amsawa.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani malamin Turanci,
Unguwar Jahun, Bauchi.